Lissafin Bado da Ƙafar Ɗiyata

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a shekarun farko da ƙasarmu ta samu 'yancin kai. Daga Damagaram aka turo ni Yamai, na zauna Lamorde, ƙetaren kogi, da matata da ɗiyarmu guda tal. Babu gada a lokacin, mai son shiga gari sai ya hau kwalekwale. Ina ji da kaina, wallahi, sai ka ce ni na ƙirƙiro lissafi. Akwai wata tambaya da nake ɗana wa yara: bado ne a tafki, kullum yana ninka kansa, ran talatin ya rufe tafkin ruf, to yaushe ya rufe rabi? Su ce ran sha biyar, in yi ta ƙyaƙyata musu dariya, in ce ran ashirin da tara ne, sarakunan gaggawa.

Wata rana yarinyar ta taka ƙaya a bakin kogi. Wurin ya tasa kamar ƙwayar gujiya, washegari kamar goro, sannan kamar ƙwan kaza, yana baƙi. A makon ne kuma ake jiran mai duba makarantu, wanda ƙarin matsayina ke hannunsa. Matata ta roƙe ni don Allah don Annabi mu ƙetara gidan likita. Na duba ƙafar, na ga baƙin bai wuce rabin ƙwauri ba. Na ce mata ta daina ɗaga mini hankali, abin da ya yi kwanaki kafin ya kai rabi ai zai yi wasu kwanakin kafin ya kai gwiwa, jibi mai dubawar na tafiya sai mu je. Ta ce ita dai jiya ba haka yake ba. Na daka mata tsawa, ta koma tana fifita yarinyar da mafici.

Da gari ya waye baƙin ya wuce gwiwa, jikinta kamar garwashi. Kaico! Muna tsakiyar kogi a kwalekwale, yarinyar tana kwance a cinyata, lissafin ya faɗo mini a rai, na fashe da kuka a gaban mutane. Ni da nake yi wa 'ya'yan wasu dariya, ni ne na ce sha biyar a kan tawa. Likita ya ce da jiya muka zo da ya ceci ƙafar. Aka yanke ta.

Jama'a, sanin amsa a allo daban, gane ta a cikin gidanka daban. In ciwo na ƙaruwa, kada ku tsaya ga girmansa na yau, ku tambayi yadda yake jiya, ku kuma saurari uwar da ke kwana da shi. Yau ɗiyar nan tawa ta zama uwa, ba ta taɓa ce mini uffan a kan abin ba. In na je gidanta, ita ke dogara sanda ta kawo mini ruwan alwala, ni kuwa har yau ban iya ɗaga kai in karɓa ba.