Ƙugiyar da Baffa ya ƙi yafewa

"Wa ya kasa?" in ji Baffa, yana dungurin gilashin kwamfuta da yatsa.

Muna wani shagon intanet ne a Yalwawa, cikin Dutse, shekarun da aka fara shari'ar Musulunci. Ƙungiyarsu ta manoman dabino, Albarkar Ƙasa, ta sa ni in buɗe mata shafi, don wani ɗan kasuwa daga Legas ya ce ba zai yi ciniki da mutanen da bai gani ba.

Na zo gurbin da ake saka sunan shafi kafin a girka shi. Na danna ƙ, kwamfutar ta ƙi karɓa. Dole na cire ƙugiyar, sunan ya koma "albarkarkasa".

"Baffa, na'urar ce ba ta san harafinmu ba."

"To ita ta kasa, ba mu ba. Goge! Sa dabinondutse, mu ga ƙarshen taurin kanta."

Nan take ta karɓa. A goshin shafin kuwa na zana Ƙ ɗinmu, ƙatuwa, da ƙugiyarta. Mutumin Legas ya gani, ya turo motar ɗaukar dabino.

Allah ya jiƙan Baffa. Ku da ƙugiya ke wayarku yau, me ya hana ku sa ta?