Gwaggo Kife da Zazzaɓin Dangi

Ranar Asabar da safe na wanke durona biyu, na kife su a bakin rariya, ina jiran ki zo ki ga aikina. Sai aka buga ƙyaure. Ƙarar da na saba ji ce, ta ludayin ƙarfe a jikin kwano, amma sau ɗaya aka buga, ke kuwa sau uku kike bugawa. Da na buɗe sai ga babbar 'yarki tsaye, idanunta sun kumbura, ludayinki da tocilarki a hannunta. Shekara shida ban taɓa ganin ludayin nan a hannun kowa ba sai naki. Tun kafin ta buɗe baki na gane, na durƙushe a cikin ruwan wankin.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya karɓi abinSa da yammacin Juma'a, sha ɗaya ga watan Mayu. Hawan jini ya kayar da ke bayan la'asar, kafin isha'i rai ya yi halinsa. 'Yarki ta ce a cikin motar da ta kai ki asibiti kika ja hannunta kika ce, "Gobe Asabar. Ki kai wa Mai Wanki kayan aikina." Ni ce Mai Wankin, Gwaggo. Ban iya tsara magana ba, amma shiru ba zai yiwu ba.

Wanda bai san ki ba, ke tsohuwar duba-gari ce. Kin yi ritaya, ƙafarki ta ƙi yin ritaya. Yaran unguwa suka sa miki Gwaggo Kife, don ba kya wuce abin da zai iya riƙe ruwa ba ki juya shi ba. Gwangwani, kaskon kaji, murfin kwalba, tsohon takalmi. Har butar maigidana kin taɓa kifewa. Ya ce, "Gwaggo, wata rana mu ma kife mu za ki yi." Kika ce, "In ka tara ruwa kwana bakwai, me zan jira?"

Haɗuwarmu ta farko ba ta yi daɗi ba, kuma laifina ne. Famfonmu sau biyu yake kawo ruwa a mako, ni kuwa wanki da guga ne sana'ata, dole in tara. Shekarar da baƙon zazzaɓi ya shigo unguwa kika yi sallama, kika leƙa durona, kika ce, "'Yata, ashe gidanki ne masaukin baƙi." Na gane sauro kike nufi, raina ya ɓaci. Na ce ki je bayan layi ki ga kwata, a can sauro yake, ni ruwana ko jariri a yi wa wanka. Ba ki ja da ni ba. Kika tsoma ludayi, kika haska tocila. Sai ga ƙananan tsutsotsi suna wutsil-wutsil a cikin ruwan da nake alfahari da shi.

Kika ce, "Wannan sauron ɗan gayu ne, da farar safa yake yawo. Ba ya shiga kwata, ruwa mai kyau yake so. Kuma ba ya jiran dare. Da hantsi yake cizo da la'asar, lokacin da gidan sauronki yake naɗe."

Ko rakiya ban yi miki ba. Na zubar da ruwan, na cika sabo, na ce na huta da shisshigi. Da mako ya zagayo kika dawo, tsutsa na nan. Kika shafa cikin duron da yatsa kika ce ƙwan yana manne a jiki, zubarwa kawai ba ta fitar da shi. "Ke da kike mai wanki, kina jiƙa riga ki shanya ba ki cuɗa wuyan ba?" Dariya ta ƙwace mini. Ranar na sayi soso na duro daban, ranar kuma kika zama uwata.

Likitoci dengi suke ce wa ciwon. Mu kuma kunnenmu ya ji dangi. Matar mai shayi ce ta fara faɗa a bakin famfo, kafin mako ya ƙare kowa zazzaɓin dangi yake cewa. Abin ya zama matsala, don wasu sun ɗauka gadonsa ake yi. Sai ki yi sallama a ce miki daga ciki, "Mu ba mu da shi a danginmu," a ƙi buɗewa. Wata malamar asibiti ta zo taron mata tana ta gyara mana baki, mu maimaita mu sake kuskurewa. Kika miƙe kika ce, "Malama, bar su, sun fi mu gaskiya. Na dangi ne mana. Sauron nan ba ya tafiya nesa, inda aka haife shi nan yake kiwo. Wanda ya ƙyanƙyashe a randarki, ɗan maƙwabciyarki zai ciza. Duk wadda kuka haɗa katanga danginki ce, ko kuna gaisawa ko ba kwa yi." Matar mai shayi da matar tela sun shekara ba sa ga-maciji, amma Asabar ɗin nan tare suka kife kaskon da ke tsakanin ƙofofinsu.

Abin da ba zan manta ba har in koma ga Mahaliccina shi ne na Autata. Tana shekara tara zazzaɓi ya rufe ta, kai na sarawa, bayan ido na ciwo, tana cewa ƙasusuwanta za su karye. Muka ce maleriya ce, muka karɓo magani a kemis. A kwana na huɗu jikin ya yi sanyi. Na yi hamdala, na hura gawayi, na kama gugar mutane. Ba Asabar ba ce, amma sai ga ki, wai kin ji labari a bakin famfo. Kika tambayi yarinyar cikinta, ta ce yana murɗawa. Na ce sau biyu ta yi amai, amma ai zazzaɓin ya sauka. Kika ɗaga leɓenta, sai ga jini a dasashi.

Kika ce, "Ajiye dutsen gugan nan. A wannan ciwon, saukar zazzaɓi ba kullum sauƙi ba ne."

Da tsufanki kika goya ta har bakin titi, ni ina biye da takalminta a hannu, na rasa abin yi. Kwana huɗu muka yi ana mata ƙarin ruwa. Likita ya ce da mun ƙara kwana ɗaya, da labarin ya sha bamban. Yau Auta tana sakandare, ta fi ni tsawo. Duk sanda ta shigo da sallama, ke nake gani.

Bayan an sallame mu kika zo kika tsaya a tsakar gida kina kallon sama. Tsofaffin tayoyi uku da muka danne kwanon rufi da su, cike suke da ruwan sama. Ina ta wanke duro a ƙasa, baƙin suna kan kaina. Kika sa maigidana ya hau ya huda su. Ba ki taɓa faɗa wa kowa ba, ba ki kuma taɓa ce mini ai na gaya miki ba. Ni ce yau nake faɗa da bakina, don wata ta ɗaga kai ta duba nata rufin.

Damina biyu ke nan ba a kwantar da ɗan kowa a layinmu saboda wannan ciwo ba. Mun san Allah ne mai tsarewa, mun kuma san ta hannun wa Ya tsare mu.

Allah Ya jiƙan ki, Gwaggo. Ya yafe miki kurakuranki, Ya haskaka kabarinki fiye da yadda kika haska randunanmu. Duk ƙyauren da aka rufe miki kika haƙura kika dawo, Allah Ya buɗe miki ƙofar Aljanna a madadinsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanki huɗu da jikokinki da ƙannenki, Allah Ya ba su haƙuri da dangana. Su sani ba su kaɗai suka yi rashi ba, don uwarsu ta tara dangin da ba su san iyakarsu ba.

Ludayin yana rataye a bayan ƙyaurena, na sa wa tocilar sabon batir. Matar mai shayi ta ce za ta riƙa raka ni, ita ce mai baki, ni ce mai soso. Hadari ya fara haɗuwa tun shekaranjiya. Tayoyin da ke jibge a bayan shagon mai faci har yanzu ba a kwashe su ba, kuma a layin injin niƙa saura gida goma sha ɗaya da ba su buɗe mana ƙofa ba.