Motar da Malam Inusa ya auna da sanda

Malam Inusa mutumin Safo ne, amma a Madarunfa ya yi aure ya zauna, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidansa da nawa. Tun yana saurayi yake tuƙa amalanken jaki, yana kwaso gero da wake daga ƙauyuka. Da ƙarfinsa ya soma raguwa, sai ya koma sayen wake yana kai wa fatake a Ɗan Issa, yana kuma kiwon bajimai a bayan gida. Ba mai yawan magana ba ne. Ko jakinsa ban taɓa jin ya daka wa tsawa ba.

Matarsa Ɗelu marainiya ce. Yayarta Indo ce ta raine ta a wani ƙauye da ke bayan Gabi, ita ce kuma ta aurar da ita. Kowace shekara bayan kaka Ɗelu takan je ta yi mata kwanaki, har ciwon ƙugu ya kama ta, ya hana ta hawa babur, ya hana ta jure girgizar amalanke. Indo kuwa ta tsufa, idanunta sun dushe. Shekaru suka wuce ba su haɗu ba. Sukan gaisa ta waya, amma Indo ba ta ji sosai, sai ta yi ta tambayar wa ke magana har layin ya yanke.

An gwada motar haya. Ta farko ƙarama ce, tana barin kwalta cikinta ya dafe a kan tudun yashin da amalanke ke bari a tsakiyar hanya, dole aka juyo. Ta biyu ƙatuwar katkat ce, irin motar nan mai tsayi ta shiga daji, Ɗelu ta kasa ɗaga ƙafa ta kai matakinta. Da aka ce a ɗauke ta a saka, ta ce, "Ni ba buhun wake ba ce," ta koma cikin gida.

Malam Inusa ya sari sanda, ya bi hanyar nan da ya sani tun yana ƙuruciya, ya nemi inda tudun ya fi tsawo, ya auna, ya yi wa sandar tsaga. Da ya dawo ya jera tubali a tsakar gida, ya roƙi Ɗelu ta taka iyakar inda ƙugunta zai yarda, ya yi tsaga ta biyu. Bayan haka ya shiga koyon tuƙi a Maraɗi tare da sa'o'in jikokinsa. Da ya sami izinin tuƙi, ya sayar da bajimansa, ya tafi wurin Illo, dillalin motoci ƴan hannu.

Illo ya ba ni labarin da bakinsa, yana dariya. Ya ce tsohon bai dubi fenti ba, bai nemi a buɗe inji ba, durƙusawa kawai yake yi yana zura sanda ƙarƙashin kowace mota.

"Baba, maciji kake nema?"

"Wadda cikinta ya wuce tsagar ƙasa nake nema, bakin ƙofarta kuma bai wuce ta sama ba."

"To ga wannan babbar, ko gulbi za ta ƙetare da kai."

"Gulbi ba ya da ciwon ƙugu. Nuna mini waccan."

Waccan ɗin ƴar madaidaiciya ce mai ɗan tsayin ƙafa, kuma sandar ta yarda da ita. Illo ya ƙara masa da cewa ba ta shan mai da yawa, kayan gyaranta kuma ba su wahalar samu. Sai a lokacin ya bari aka duba injin.

Ranar tafiyar, Ɗelu ta roƙe ni in raka ta. Ta tsaya a bakin ƙofar motar, ta yi bisimilla, ta ɗaga ƙafa, ta zauna ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Ta gyara mayafi ta ce, "Malam, me muke jira kuma?" Ya tuƙa mu a hankali, yana kauce wa ramuka tun kafin mu gan su. A wurin babban tudun na ji yashi ya shafi cikin motar, Malam ya ce wa motar, "Haƙuri, ƴar nan," kamar yadda yake yi wa jakinsa, muka wuce.

Mun tarar da Indo zaune a kan tabarma a inuwar rumbu. Ɗelu ta ce, "Yaya," sau ɗaya kawai. Tsohuwar ba ta tambayi wa ke magana ba. Ta miƙa hannu ta shafa fuskarta, ta shafa kafaɗarta, ta daɗe tana riƙe da ita, sannan ta ce, "Kin rame. Ba ya ciyar da ke ne?"

Bayan la'asar Malam Inusa ya durƙusa ya yi wa Indo sallama, ya tambayi yaushe zai dawo ɗaukar matarsa.

Indo ta ce, "Ranar da na ba ka ita, na tambaye ka yaushe za ka maido mini? Tafi, Allah ya kiyaye hanya. In na ƙoshi da ita zan aiko."