Notin da Ya Ƙi Kwancewa

A zamanin Turawa, lokacin da garinmu Suleja ake kiransa Abuja, bayan sallar isha muke zagaye murhun Iya, kakarmu ta wajen uba. Takan tura rogo cikin toka, ta yi ta ba mu tatsuniya har ya nuna. Yawancin tatsuniyoyin sun gudu daga kaina. Ɗaya ce ta zauna.

Baba ɗan farin Iya ne, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. In tana son ya ci abinci, sai ta ce da bango tuwo yana hucewa. Mu dariya abin yake ba mu.

A wata shekara Baba ya sayi tsohuwar motar ɗaukar kaya a hannun wani Bature mai komawa gida. Sifirin ɗinta na gaba, ƙarfen da ke ɗauke da nauyinta, ya karye, ya samo wani zai sa da kansa a ƙofar gida, sai noti ɗaya ya ci tsatsa ya ƙi motsi. Ana cikin haka naƙuda ta kama Inna, mahaifiyarmu, ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Ungozoma ta ce sai asibitin Minna. Maƙwabta suka ce a ɗauke ta a kan gado zuwa bakin hanyar Izom, akwai motar doya da za ta tashi zuwa Minna. Baba ya ce ga mota a gidansa, saura noti ɗaya. Ya zuba kananzir, ya zuba manja, ya zura bututun ƙarfe a sifana ya hau kai. Har garwashi ya zo ya ɗiba a murhun Iya don ya gasa notin.

Yana tsugune yana ɗiba Iya ta ce, "Ku matso, ga wata nan ta zo muku." Muryarta ta fi ta kullum ƙarfi.

Ta ce wani manomi ne ya tarar da kututture a tsakiyar gonarsa, ya rantse ba zai yi shuka ba sai ya tumɓuke shi. Ruwan fari ya sauka, yana haƙa. Maƙwabta suka yi noman farko, yana haƙa. "Aka ce masa, bawan Allah, kewaye shi mana. Ya ce saura kaɗan." Nan ta tsaya, tana kallon wutar.

Ƙanena ya ce, "Iya, ya fita?"

"Ya fita. Ranar da mutane ke girbi."

Baba ya ɗauki kaskon garwashinsa ya fita. Muka ci gaba da jin ƙarar guduma.

Da hantsi notin ya kwance. Inna ta riga ta rasu tun da asuba, ba ta kai ga haihuwa ba. Bayan an dawo daga maƙabarta, Baba ya koma ƙarƙashin motar ya ɗaura sifirin, ba wanda ya hana shi. Ni ban yi kuka ba, ban ji komai ba. Na tuna dai rogon ya ƙone a toka.

Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar a kan taurin kan Baba take. Sai da na haifi nawa ɗan farin, dangi suka ce in kama kunya, na ga ashe Iya ma tana cikinta. Tana da baki, tana da iko a kansa, ga shi tsugune a gabanta, ta ba shi labarin manomi. Ban riƙe ta a zuciya ba, haka ta tarar ana yi. Amma ɗana, sunansa nake kira, in faɗa masa abin da ke raina yana kallona.