Haƙoran Kawu Caitan

Kawu Caitan Barreto ƙanen mahaifiyata ne, kuma tun da na yi wayo na san shi da abu biyu: saksofon, ƙahon busar nan na Turawa, da munanan haƙora. Na gaba biyun nan sun hau juna, ɗaya ya gutsure, shayi da taba sun rina su. Yaran layinmu a unguwar Dhobi Talao ta birnin Bombay Kawu Zomo suke ce masa, shi kuwa ya washe musu baki su ƙara gani.

Da waɗannan haƙoran ya riƙe gidansa. Mai busa saksofon da haƙoran sama yake danne bakin ƙahon, kuma na Kawu sun daɗe da sassaƙa wa kansu gurbi a jikinsa, suna shiga daram.

Yana saurayi ya zo Bombay daga Goa a jirgin ruwa, bai iya komai ba sai kiɗan da aka koya masa a makarantar coci. Ya faɗa hannun Lourenco Dourado, wanda duk mai jin kiɗan jaz a garin nan ya yarda ba shi da na biyu. Kawu ya zauna a kujerar bayansa shekara da shekaru, a manyan otal da kuma ɗakunan kiɗan fim, inda su za su busa, jarumi ya fito a majigi yana kumbura kumatu ana tafa masa. Da aka kawo na'urar da ke kwaikwayon kowane kiɗa, aka watsar da su ko sannu babu. Ya koma busa a gidan biki da rakiyar gawa.

Dourado yana da wani kiɗa mai sanyi da yake rufe wasa da shi. Bai rubuta shi ba, bai sa shi a faifai ba, har ya rasu. A kan Kawu kaɗai ya rage, ga Kawu ya haura saba'in.

Sai ga wata yarinya mai suna Ketaki, tana haɗa fim a kan rayuwar Dourado. Kawu ya busa mata kiɗan a falo, ta share hawaye, ta ce bayan damina za ta zo da ma'aikatanta a ɗauka. Ranar har rawa ya taka.

Labari ya kai wa 'yarsa Filu a Kuwait, inda take aikin jinya. Ta ɗauki hutu ta taho. Ina wurin na kawo masa miyar kifi lokacin da ta fara.

"Baba, da wannan bakin za ka shiga fim? Abokan aikina su ce uban Filu dutse yake ci?"

"Busa za a ɗauka, 'yar nan, ba murmushi ba."

Na ce, "Filu, ki ƙyale tsoho da haƙoransa. Su suka kai ki makaranta."

"Yaya Perpetua, ke ba ki san fim ba. Fuska ake kallo."

Tun da uwarta ta rasu bai taɓa iya ce mata a'a ba. Ya bi ta wajen likitan haƙori kamar rago. Shi kuma likitan haƙorin, wanda ba zan ɓata takarda da sunansa ba, bai ko tambayi tsohon me yake yi da bakinsa ba. Ya cire na saman duka, ya jera masa na roba farare tas kamar tangaran. Mutum ya yi karatu har haka amma bai san tambaya ba?

Da bakin ya warke, Kawu ya ɗauko ƙaho ya busa. Abin da ya fito kukan agwagwa ne. Haƙoran suna zamewa, ba su san gurbin ba. Ya sake gwadawa, suka faɗo kan cinyarsa. Ya mayar da ƙahon akwati ya tura ƙarƙashin gado, ya juya fuska ga bango. Filu ta zauna a matakala tana kuka. Ni ban rarrashe ta ba.

Kwana da kwanaki ba ya magana. Na shiga na ce, "Kawu, in mutuwa za ka yi ka faɗa mini in daina ɓata shinkafata. In kuwa busa za ka yi, damina ta kusa ƙarewa."

Ya juyo daga bango. Can ya ce mini, "Petu, Fadan cocin da ya koya mana busa a ƙauye ba ya barin haƙori ya taɓa ƙaho. Leɓe muke naɗewa sama da ƙasa."

Ya zare haƙoran ya jefa a kofi, ya naɗe leɓe a kan dasashi, ya koma ɗan koyo. Leɓen ya fashe. Kunun shinkafa kawai yake iya sha, ina wanke tsummoki masu jini. Maƙwabciyarmu ta sama ta leƙo ta ce wai ana yanka akuya ne, na ce mata ta sauko in nuna mata wuƙar.

Ranar ɗauka Filu ta sa masa kwat da haƙoransa. Da aka kunna fitilu, ya tofo su a tafin hannu ya miƙa mata.

"Riƙe mini dukiyarki, 'yar nan."

Ya busa. Ba zan yi ƙarya ba, ba muryar da na sani ba ce. Siririya ce, iska na fita ta gefe, yana tsayawa neman numfashi inda da ba ya tsayawa. Amma kiɗan ya fito tun daga kai har wutsiya, kuma babu wanda ya motsa har ya sauke ƙahon da jini a bakinsa.

Da fim ya fito muka je kallo ni da shi da Filu. Manyan mutane masu tabarau suka yi ta zuba a kan Dourado, waɗanda ko jakarsa ba su taɓa ɗauka ba. A ƙarshe kiɗan Kawu ya tashi. Aka nuna teku, aka nuna tsofaffin hotunan Dourado, aka nuna yatsun Kawu kamar ƙiftawar ido. Fuskar da aka cire wa haƙora saboda fim ko sau ɗaya ba ta fito ba. Sunansa ya wuce can ƙasa, lokacin mutane sun fara neman ƙofa.

Na miƙe zan nemo Ketaki in wanke ta. Ya riƙe mini hannu.

"Zauna, Petu. Kin ji sun yanke wani wuri a kiɗan?"

"Ba su yanke ba."

"Har ƙarshen nan da ke sauka a hankali?"

"Har shi, Kawu."

"To kiɗan Dourado ya shiga, ba zai ɓata ba," in ji shi. Ya juya wajen Filu ya ce ta daina kuka ta saya masa shayi.

Bai sake busawa ba, leɓen ya gama aikinsa. Haƙoran kuma bai sake sa su ba har Allah ya ɗauke shi. Suna nan cikin kofi a kan kabad ɗina. Filu mun shirya da ita tuntuni. Likitan nan dai, har yau in na bi ta ƙofarsa sai na yi tsaki.