Allurar Laraba Ba Za Ta Tsaya Ba, Sista

Ranar Litinin, sha biyu ga watan Mayu, da hantsi, ina tsaka da shanya aka kira ni a waya aka ce Allah ya karɓi abinsa. Wai kin fito daga ɗakin yara kina cewa kanki na sarawa, kika zauna a benci, shi ke nan. Na Allah ne mu duka, Sista, kuma can za mu tarar da ke. Amma ba kuka na zo yi ba. Na yi wanda zan yi.

Shekara uku ke nan da na shigo sashenku na asibiti goye da Auta, tana 'yar shekara shida, gwiwoyi a kumbure, da safe yatsunta ko cokali ba sa riƙewa. Kafin nan babu abin da ban ji ba: wannan ya ce sanyi ne, wancan ya ce shagwaɓar autanci. Ni kuwa na naɗe gwiwoyin da tsumma na hana ta motsi, a ganina gata nake yi mata. Kika warware tsumman kina hararata, kika ce, "Maman Auta, 'ya kika haifa ko kayan ajiya? Sauke ta ta taka." Ran nan na ji haushinki ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Ke kika fassara mini dogon bayanin likita. Kika ce amosanin gaɓɓai ba na tsofaffi kaɗai ba ne, jikin yaro ma kan juya ya yaƙi gaɓɓansa. Akwai maganin rage kumburi, akwai allura duk Laraba, da gwajin jini, da duba ido ko da idon bai yi ja ba. Sauran aikin namu ne: ruwan ɗumi da safe, sai motsi. Kin sa yara matsar soso a bokiti da tsintar maɓallai a faranti, suna kuka kina yi musu tsiya har su ɓige da dariya. Su suka sa miki Hana-Zama.

Laifina ɗaya zan faɗa a bainar jama'a, ko wata uwar za ta tsira. Da kumburin ya sace, Auta ta fara guje-guje, sai na ce ai ta warke, na daina kawo ta. Wata biyu ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Kika tashi daga aiki kika nemo gidanmu da ƙafa. Ba ki zage ni ba, da ma kin zage ni. Cewa kawai kika yi, "Magani ne ya danne shi. Likita ke cewa a rage, ba ke ba." Har yau wuyan hannunta na hagu bai gama miƙewa ba, kuma na san aikin wane ne.

Jin rasuwarki, Gwaggon baban Auta ta zo mana jaje, ta ce, "To, mai tsira mata allura ta tafi, sai ku bar 'yar mutane ta huta haka." Gwaggo, ina ganin girmanki, amma a'a. Na taɓa gwada wannan hutun, na ga abin da ya haifa. Ba zan sake ba, ko duk dangi za su taru a kaina.

Ran Laraba muka tafi asibiti. Auta ta ga wata a kujerarki, ta ƙanƙame ƙofa ta ce ba mai taɓa ta sai ke. Aka yi lallashi, aka yi tsawa, a banza. Kin daɗe kina koya mini allurar nan a jikin lemo, ina cewa zuciyata ba za ta iya a jikin 'yata ba. Na ce wa abokiyar aikinki ta miƙo, ta tsaya a kaina tana kallo. Na karɓi allurar. Auta ta daɗe tana dubana, sannan ta yaye rigarta ta ce, "Mama, Sista cewa take za ta ƙirga uku, amma a biyu take tsirawa. Na sani, ƙyale ta nake yi." Na ƙirga. A biyu na tsira. Daga nan na raka ta makaranta.

Allah ya jiƙan ki, Sista, ya yafe kurakuranki, ya yalwata makwancinki. Duk takun da yaran nan za su yi, Allah ya zuba miki shi a mizani. Ga maigidanki, da 'ya'yanki uku, da mahaifiyarki da ta ga wannan rana, Allah ya sanyaya zukatanku, ya ba ku juriyar da ta koya mana. In kun ga ba mu iso gaisuwa da wuri ran Laraba ba, ku yi mana uzuri. Aikinta muka tsaya yi.