Noman da Muka Yi a Cikin Ruwan Teku

Shekarun baya kaɗan, ina ajin ƙarshe na firamare, yayana da ke tuƙi a wani kamfanin mai a Fatakwal ya zo hutu Birnin Kudu da kayan da ba a taɓa shigowa da irinsa unguwarmu ba. Sauran masu aiki a kudu rediyo suke kawowa, ko agogon bango. Shi kuwa akwatin gilashi ya sauke, da jarkoki cike da ruwan teku, da kifaye uku a bokiti, da wani dutse mai ramuka da aka naɗe a jiƙaƙƙen buhu kamar jariri. Wai wani Bature da zai koma ƙasarsu ne ya ba shi.

Aka kafa akwatin a soronmu. Kifayen ba su wuce babban yatsa ba, amma shuɗaye ne kamar yanzu aka tsamo su daga marina. A ranar duk mai ƙafa a garin nan sai da ya tako gidanmu. Wani tsoho ya daɗe yana kallo, sannan ya tambayi Yaya wata nawa za su yi kafin su isa ci. Inna ta tsoma yatsa ta lasa, ta yamutsa fuska ta ce ko amarya ba ta taɓa ɓata miya haka ba.

Da hutunsa ya ƙare, Yaya ya kira ni gaban akwatin. Ya nuna mini ɗan injin da ke hura iska a ruwan da batirin mota. Ya ce abinci kaɗan-kaɗan, in ruwa ya ragu in ƙara mai tsabta. Sai ya dafa kaina.

"In na dawo Babbar Sallah na same su da rai, da kai zan koma. Ka je ka ga tekun da idonka."

Kafin motarsa ta bar gari na gaya wa rabin makarantarmu. Na fara yi wa mutane ban kwana tun ana saura watanni. Na yi wa wani abokina alkawarin zan kawo masa teku a kwalba, na kuma fara koyon iyo a kududdufin bayan gari, inda na sha ruwan da ya isa a yi noman rani.

Ana nan sai wani abu ya leƙo daga ramin dutsen. Launinsa ƙasa-ƙasa, da ɗan kara, da gashi a kai yana kaɗawa kamar ƙaramar giginya. In ka taɓa shi da tsinken tsintsiya sai ya shige rami, in ka ja baya ya fito. Da farko har wasa nake da shi. Ina tara yara in daka masa tsawa ina zungurarsa a ɓoye, su kuma su tafi gida su ce ina da asiri. Amma ɗaya ya zama biyar, biyar suka cika gefen dutse. Sannan na ga abin da suke yi: kifi ya gifta kusa, gashin ya shafe shi, sai ya zabura kamar an ɗana masa garwashi. Ƙaramin cikin kifayen ya yi tabo a gefe, ya koma kusurwa ya daina ci. Nan na ga Fatakwal ta fara yi mini nisa.

Ranar kasuwa kawuna ya zo daga Farin Dutse ta ƙasar Gwaram. Manomi ne na gaske, irin wanda ake zuwa kallon gonarsa, kuma bai taɓa ganin abu ya ce bai san shi ba. Ya durƙusa gaban gilashin, ya ture hula baya.

"Kai, wannan ai ƙuduji ne! Ka ga yadda ya kama dutse yana tsotsa? Haka yake yi wa gero."

"Kawu, ai motsi yake yi."

"To me zai hana shi motsi, tunda bai taɓa jin fartanya ba? Ɗan boko, kana zaune ciyawa ta cinye maka gona. A nome shi!"

Baba ya ce a bi maganar manya. Ni kuwa na kira gayya. Abokaina suka zo, wannan da reza, wancan da ƙusa, wani da cokalin da ya sato a gidansu. Inna ta dama mana kunu tana dariya, ta ce ba a gayya da yunwa. Ɗaya daga cikinsu ya ɗauki gwangwani ya zama makaɗi, yana yi wa kowa kirari. Muka naɗe hannun riga muka shiga kankarar dutse a cikin ruwan, abin yana yi mana ƙaiƙayi a yatsu, muna yanka shi gutsi-gutsi. Da na ga gutsattsarin suna yawo na ce bari in tace su da rariya.

"Bar su nan," in ji Kawu. "Ciyawar da aka nome taki ce."

Taki kuwa ta zama. Ba a daɗe ba suka fito a jikin gilashi, a kan yashi, har a kan robar iska. Duk inda guntu ya sauka nan ya kafa gida ya yi iyali. Na ce wataƙila firi ne, wato noman farko, bai yi kyau ba, muka sake taruwa muka yi maimai. Wannan karon ba kunu, makaɗin ma ya ce yana da uzuri. Bayan maimai, jama'a, akwatin nan ya koma dajin da ko mafarauci zai yi shakkar shiga. Kifayen suka rasa hanyar wucewa, suka takure a sama wuri guda kamar baƙi a gidan makoki.

Na aika wa Kawu. Ya zo a kan kekensa ransa a ɓace, ba don kifi ba, don ciyawa ta raina shi a gaban mutane.

"Wanda bai ji fartanya ba zai ji rana, wanda bai ji rana ba zai ji wuta. Ciro mini dutsen nan."

Na ce Yaya a jiƙaƙƙen buhu ya kawo shi, ko da dalili. Ya dube ni sheƙeƙe.

"Tun ba a haifi yayanka ba nake noma. Dutse ne zai ji ƙishirwa?"

Muka ɗora dutsen a kan rufin kwano ya sha rana, warinsa ya tara mana ƙudan garin nan kaf, har da waɗanda suka zo daga Gwaram ta'aziyya. Sannan Kawu ya hura wutar kara ya babbake shi kamar kan akuya, ya ɗauraye, ya mayar da shi da hannunsa. Na kankare na jikin gilashi iya ƙarfina. Akwati ya yi fes. Kawu ya karkaɗe hannu ya ce in wani ya sake fitowa a canza masa suna, ya hau keke ya tafi.

Da gari ya waye ruwan ya koma fari kamar ƙasari, yana wani irin ɗoyi. Kifayen suna sama, bakinsu a buɗe. Injin iska ya gaza, na cire robar na haɗa da famfon keke, na yi ta bugawa har kafaɗuna suka daina zama nawa. Jarkokin ruwan teku sun daɗe da ƙarewa. Inna ta daina dariya, ta kawo gishirin miyarta duka, muka jiƙa a ruwan rijiya muka zuba. Mai tabon ne ya fara juyewa. Kafin la'asar na biyu ya bi shi. Na ukun ya yi ta fama, ina bugu ina roƙonsa kamar mutum, ina gaya masa Sallah ta kusa. Bai jira ba. Da suka mutu shuɗin ma barin jikinsu ya yi, suka koma toka-toka kamar kowane kifin kwata. Da ruwan ya kwanta kuma, me zan gani a kusurwar gilashi? Ƙuduji guda, ya baje gashinsa, lafiyarsa ƙalau.

Yaya ya zo Sallah. Kawu ma yana nan, ya zo da ɗansa, sa'ana. Yaya ya dubi akwati, ya ɗaga baƙin dutsen ya juya shi.

"Wa ya ƙone wannan? Ai dutsen rai gare shi. Ƙananan halittun da ke cikin ramukan ne ke gyara ruwan. Kun kashe su, kun mayar da mushe cikin ruwa."

"Yaya, ba ka gaya mini ba."

"Ka tambaya? Shi kuma wancan abin ba a yanka shi, kowane guntu sabo yake zama. Baturen da allura yake bin su ɗaya-ɗaya, yana ɗura musu ruwan lemon tsami. Su ne ma suka ishe shi ya ba ni."

Wato ya sani tun farko. Lemon tsami kuwa ga bishiyarsa a tsakar gidanmu, har zubewa yake yi. Na juya wajen Kawu ina jira ya yi magana. Ya gama tauna namansa, ya suɗe yatsa.

"Ni ciyawa aka kira ni in kashe. Kifi ai amanar yaro ce."

Baba ya sunkuyar da kai. Maganar ta zauna a haka, don ba a ƙaryata babba a gaban yara. Bayan Sallah Kawu ya roƙi Yaya ya tafi da ɗansa ya koyi mota, Yaya ya ce to, dama yana son yaro mai lura. Ni aka ɗora wa akwatin kayan ɗan Kawu a ka, na kai masa tasha.

Yanzu ina sakandare, kuma an daɗe da daina zancen. Muna gaisawa da Kawu, ina durƙusa masa har ƙasa, ran nan ma ni na ɗaure masa buhu a keke. In na ba da labarin nan a makaranta yara har kwanciya suke don dariya, ni ma ina taya su, don na iya ba da shi. Amma a gidanmu kowa ya ba da shawara, ni kaɗai na biya, kuma har yau ba wanda ya kira ni gefe ya ce mun san ba kai ba ne. Abin da na koya ke nan: kafin in bi maganar babba, ina fara duba wa za a tambaya in ta ɓaci.

Ɗan Kawu ya zo gida bara, da tabarau da wando mai faɗin ƙafa. Na daure na tambaye shi yaya tekun take. Ya ɗaga kafaɗa ya ce shi fa bai taɓa zuwa bakinta ba, ai ruwa ne kawai.